Ɗan maƙeri a garin almakashin tiyata

Ranar da na fara aiki a Tuttlingen, wani gari a kudancin Jamus, farkon watan Satumba na 2021, magagari aka ɗora mini a hannu. Na baro Zariya bayan na yi kusan shekara biyu ina kokawa da Jamusanci, na sayar da babur ɗina, na ci bashin yayana, na zo ƙasar da ake cewa inji ne ke yin komai, sai ga wani dattijo mai furfura ya matse guntun ƙarfe a maɗaurin tebur, ya nuna shi da haɓa, ya ce in goge shi har fuskarsa ta miƙe sumul. Bai ƙara komai ba ya koma wurinsa. Na tsaya riƙe da magagarin nan ina so in yi dariya, domin shi ne abin da na gudo wa tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

Gidanmu maƙera ne, maƙeran baƙi. Kakana da Babanmu fartanya suke ƙerawa, da lauje, da wuƙa, da askar wanzamai. Tun kafin in iya karatun allo sosai na iya zuga, na san ƙarar masaba a kan uwar maƙera, na san warin gawayi a riga. A makarantar boko kuwa wannan warin ne ya zame mini abin kunya. Yara kan ce hannuna ba ya wankuwa. Shi ya sa na dage na yi difloma a fannin injiniyan injuna, da nufin in zauna a ofis da farar riga. Ofis bai samu ba. Na yi gyaran janareto, na yi acaɓa, har wani abokin yayana da ke koyon aikin jinya a Jamus ya ba ni labarin tsarinsu na koyon sana'a, wanda suke kira Ausbildung: kana aiki a kamfani, kana zuwa makaranta, ana biyan ka ɗan abin da za ka rayu. Ya ce daga watan Maris na 2020 an yi sabuwar doka da ta sassauta wa masu sana'a daga wajen Turai hanyar shigowa, muddin mutum ya iya yaren kuma ya samu wanda zai ɗauke shi. Na je Legas na rubuta jarrabawar Jamusanci ta matakin B1 a cibiyar Goethe, na aika takardun neman gurbi wurare da yawa, wuri ɗaya ya amsa. Sunan sana'ar Chirurgiemechaniker, wato maƙerin kayan tiyata, shekara uku da rabi ake koyon ta.

Daga Frankfurt na hau jirgin ƙasa zuwa Stuttgart, na sauya zuwa wanda ke gangarawa kudu wajen iyakar Suwizalan. Da na sauka sai gabana ya faɗi. Garin bai kai mutum dubu arba'in ba, an kewaye shi da tuddai masu duhun itatuwa, a kan ɗaya akwai kufan wata tsohuwar ganuwa da ake kira Honberg. Titunan tsakiyarsa a miƙe suke kamar an ja su da igiya, saboda gobara ta cinye garin a 1803 aka sake zana shi. Kogin Donau ya ratsa ta ciki, amma a nan ɗan siriri ne, ba ka ce shi ne wanda ke ratsa ƙasashe har ya faɗa Bahar Aswad ba. Kuma ko'ina ka duba sai ka ga suna kiran garinsu cibiyar duniya ta kayan aikin likita. Na ce a raina, kowa da kirarin garinsu.

Sai da na yi wata guda ina zagayawa a kan keke sannan na daina raina kirarin. Kamfanonin da ke wannan harka a garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi sun haura ɗari huɗu. Manyan kowa ya san su: Aesculap mai tsohon gini na jan bulo kusa da tashar jirgi, da Karl Storz, da KLS Martin. Amma yawancinsu ƙanana ne da ba za ka gane su daga waje ba. Za ka ga gida kamar na kowa, da furanni a taga, a bayansa akwai ɗan ɗaki dogo, ciki mutum biyar ko takwas na yin abu ɗaya tak, wani goge ƙarfe kawai, wani gasa shi ya yi tauri, wani rubuta lamba da hasken lesa. Namu wurin mutum goma sha huɗu ne, almakashi muke yi da abin riƙe allurar ɗinkin tiyata da hantsaki iri-iri. Idan muka gama namu ɓangaren, akwatin kan tafi ƙauye na gaba, ya dawo bayan kwana biyu. Abin ya tuna mini da yadda ake a kasuwa a gida, mai jima daban, mai rini daban, baduku daban, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa.

Tarihin garin a bakin maigidana na ji shi, lokacin hutun ƙarfe tara na safe da suke kira Vesper, kowa ya buɗe burodinsa. Shi Meister ne, wato ya kai matakin da doka ta yarda ya koyar da sana'a, kuma haka nake kiran sa, Maista. Ya ce da can akwai tama a tuddan yankin, aka kafa wurin narka ƙarfe a Ludwigstal, bakin gari, sai garin ya cika da maƙeran wuƙa da masu yin ƙusa, ga kuma masu ɗinkin takalma. Amma a harkar wuƙa mutanen garin Solingen, shi ma a Jamus, sun fi ƙarfinsu. Wani maƙerin wuƙa mai suna Gottfried Jetter ya fita yawon neman ilimi har Paris, inda a lokacin aka fi kowa iya ƙera kayan fiɗa, ya dawo ya buɗe maƙerarsa a 1867. Ita ce ta girma ta zama Aesculap, mai tambarin maciji nannaɗe a sanda, wadda yanzu take ƙarƙashin kamfanin B. Braun. Abin da Maista ya fi so ya nanata shi ne abin da ya biyo baya: duk wanda ya ƙware a wurin Jetter sai ya fita ya buɗe tasa, yaransa su ma su fita su buɗe tasu. Kakan Maista haka ya yi. Shi kuma Karl Storz a 1945 ya fara, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, da kayan likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, daga baya ya haɗa kai da wani masanin haske ɗan Ingila, Harold Hopkins, suka fitar da madubin leƙa cikin jiki wanda ya sa yau ake yi wa mutum tiyata ta ƴar ƙaramar huda.

Mako shida na yi ina goge ƙarfe. Ina ganin na iya, tunda da shi na tashi. Na kai wa Maista guntun farko ina taƙama, ya ɗora masa wani siririn ma'auni, ya ɗaga su sama wajen taga, haske ya ɓullo ta tsakani kamar silin gashi. Ya miƙo mini ba tare da ya ce uffan ba. A maƙerar Babanmu ido da yatsa ne alƙalai, idan manomi ya ɗaga fartanya ya ji ta zauna masa a hannu, magana ta ƙare. A nan ana lissafi da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Na daɗe ina jin haushin wannan, ina ganin tsabar son wahalar da mutum ne, sai ranar da aka zaunar da ni gaban almakashi.

Almakashin tiyata ba a haɗa shi a ce an gama. Ƙarfen da ba ya tsatsa ne, yana zuwa mana a buge da siffarsa, mu rage shi da inji, a gasa shi, sannan a zo kan aikin da inji bai iya ba. Kowane baki yana da ɗan lanƙwasa da ido ba ya gani sosai, domin idan ana rufe shi, bakunan biyu su haɗu a wuri ɗaya tak, wurin kuma ya riƙa tafiya daga gindi har tsini. Idan ya yi sako-sako zai tauna nama maimakon ya yanka. Idan ya matse da yawa zai ci kansa, hannun likita kuma ya gaji. Ana daidaita wannan da ƴar guduma, bugu kaɗan-kaɗan, kana buɗewa kana rufewa kusa da kunne. Maista kan rufe ido idan yana gwadawa. Daga nan a yanka wani siririn roba da shi, dole ya yanke har tsini ba tare da ya ja ba. Abin riƙe allura kuma, mai zoben hannu ruwan zinare, ba ado ba ne, alama ce cewa an dasa masa wani ƙarfe mai tsananin tauri a baki don kada allura ta zame. Ko rashin ƙyallin da ake yi wa kayan da gangan ne, don kada fitilar ɗakin tiyata ta haske wa likita ido. Kuma duk abin da muka yi sai ya jure shiga tukunyar turara kayan asibiti mai zafin digiri 134, yau da gobe, shekara da shekaru, ba tare da ya yi tsatsa a mahaɗa ba. A wurin bugun nan na ƴar guduma ne hannuna ya tuna gida. Cikin mu uku da muka fara tare, ni na riga kama shi. Maista ya gwada na farko da na daidaita, ya rufe, ya buɗe, ya jefa shi cikin tiren waɗanda suka yi kyau, ya wuce. Na bi shi da ido ina jiran ko madalla. Wata abokiyar aikinmu ta yi dariya ta ce mini a nan yankinsu na Schwaben suna da magana: idan ba a yi maka faɗa ba, to an yabe ka ke nan.

Wajen aiki kam na samu abin riƙewa da wuri. A waje ne na sha wuya. Jamusancin da na ci jarrabawa da shi ba shi ake yi a titi ba, suna da nasu karin harshe na Schwaben, mai haɗiye rabin kalma. Watanni uku na yi ina gyaɗa kai ga abin da ban ji ba. Ɗaki na samu a saman gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, shi ma a wannan sana'a ya ƙare rayuwarsa. Sati na biyu na ga wani ɗan allo rataye a ƙofata, an rubuta Kehrwoche. Na ɗauka ado ne na maraba da baƙo. Ashe alama ce cewa satin nan ni ke da sharar matakala da ƙofar gida har bakin titi. Ranar Asabar da yamma ta hau sama da kanta, tana haki, riƙe da tsintsiya da bokiti, ta ajiye a gabana, ta yi mini bayani dalla-dalla kamar mai karanta hukunci. Kunya ta kama ni, domin a gidanmu ba a bari tsohuwa ta hau bene saboda kai. Tun daga ranar nake share nawa satin da nata. Ta yi ta ƙi, wai tsari tsari ne, na ce mata a wurinmu idan yaro na gida, tsohuwa ba ta taɓa tsintsiya, wannan ma tsari ne. Ta yi shiru, ta ce to. Yanzu idan ta yi miyar wake da taliyarsu ta gida da suke kira Spätzle, takan ɗebi nawa kafin ta sa naman alade, ta ajiye mini a matakala.

Sanyin farko ba na son tuna shi. A Disamba kana fita aiki da duhu, kana dawowa da duhu, magariba na yi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, azahar da la'asar duk a cikin lokacin aiki suke faɗowa. Na yi ta jin nauyin tambaya, har wani Baturke da ya shekara ashirin a wurin ya ja ni ya nuna mini lungun ɗakin ajiya inda yake shimfiɗa dardumarsa. Shi ya kai ni masallacin Turkawa, inda ake huɗuba ban jin ko kalma sai ayoyin. Ranar Juma'a ana tashi aiki da wuri a wurinmu, wannan ya taimake ni. Lahadi kuwa gari kan mutu murus, shaguna a rufe, ba a son ko ƙarar injin wanki. Ni da na saba da hayaniyar Tudun Wada sai in ji kunnena na ƙara. Bahaushe ko ɗaya ban gani ba a garin tsawon shekarar farko. Idan kewa ta ishe ni sai in hau jirgi zuwa Stuttgart in sayo garin masara da kuɓewa busasshiya da manja a shagon ƴan Afirka, in tsaya ina jan hira da ƴan Ghana da ƴan Kamaru don dai in ji ana dariya da ƙarfi. Da aka fito da tikitin wata na yuro 49 a watan Mayun 2023, wanda ke hawa da kai ƙananan jirage ko'ina a ƙasar, sai tafiyar ta zama kusan duk sati biyu.

Wani bazara abokan aiki suka kai ni wajen Immendingen, tafiyar ƴan mintuna, su nuna mini abin mamaki. Kogin Donau ne ke nutsewa cikin ramukan dutse ya ɓace, ka taka tsakiyarsa a bushe, ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a wani marmaro da ake kira Aachtopf, kimanin kilomita 12 kudu. Suna ta kallon fuskata suna jiran in buɗe baki. Na ce musu a wurinmu kogi ya ƙafe da rani ba labari ba ne, har ƙwallo muke bugawa a ciki. Ranar ce na fara ba su dariya da yarensu.

Ba zan ce komai lafiya lau yake a garin ba. Na iso ne ƴan watanni bayan sabuwar dokar Tarayyar Turai kan kayan aikin likita ta fara aiki, ranar 26 ga Mayu 2021, kuma babu hutun Vesper da ba a zage ta ba. Kowane irin kaya sai an tara masa takardu masu kauri, a nuna daga wane ƙarfe aka yi shi, wa ya taɓa shi, yaya za a wanke shi, sannan a buga masa lambar da za a bi sawunsa har asibitin da ya je. Babban kamfani na da ofis guda na masu wannan aiki. Mai mutum shida kuwa, matar gida ce ke zama da takardun har dare. Na ga ƙananan wurare da suka daina yin wasu kayan da ba a saye da yawa, saboda kuɗin takardar ya fi ribar, na ga kuma dattawan da suka rufe don ƴaƴansu sun ƙi gādo. A ra'ayina dokar na da gaskiyarta, wanda za a sa wa ƙarfe a ciki ya cancanci a san asalin ƙarfen. Amma an ɗora wa jaki da raƙumi kaya iri ɗaya.

Ga kuma Sialkot ta Pakistan, sunan da ake faɗa da ƙaramar murya. Su ma garin maƙeran kayan tiyata ne, suna yi da araha ƙwarai, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu kamfanonin nan na sayo kaya rabin-gyara daga can su ƙarasa. Da yawa daga almakasan da ke asibitocinmu na gida daga can suke. Ba na raina su, maƙera ne kamar mu. Abin da dai na lura Tuttlingen ta riƙe shi ne kusanci: likita zai zo da zane a takarda yana son hantsaki mai wata irin lanƙwasa, cikin ƴan kwanaki a yi masa samfuri, domin mai bugawa da mai gasawa da mai gogewa duk suna cikin tafiyar rabin awa. Ga makarantar koyon sana'ar a cikin gari, ga reshen jami'ar Furtwangen da aka buɗe a 2009 tare da tallafin kamfanonin, yana fitar musu da injiniyoyi. Abin da suka rasa shi ne matasa masu son zama gaban tebur da magagari. Ba don haka ba, da wa zai amsa wasiƙar wani ɗan Zariya?

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin tiyata take. Wata rana ta turo mini hoton wani tsohon abin riƙe allura, zinaren zobensa ya koɗe, ta ce: “Yaya, duba macijin nan, ba irin na garinku ba ne?” Shi ne kuwa. Ta ce ta tarar da shi a wurin, waɗanda suka riga ta ma sun tarar da shi, kuma likitoci shi suke fara nema a tire. Na nuna wa Maista hoton. Ya faɗaɗa shi da yatsa, ya daɗe yana kallon bakin, ya ce haƙoran sun cinye, a gaya mata ana iya sauya su, kada su yar.

Babanmu kuwa sai da aka daɗe kafin ya gane abin da nake yi. A unguwa cewa ake ina aikin asibiti a Turai, shi ma bai musa ba. Ranar da na kira shi ta bidiyo daga wurin aiki na nuna masa teburina, ya yi shiru, sannan ya ce: “Kai, wannan ai ƙira ce.” Na ce: “Ƙira ce, Baba.” Ya tambayi ina wutar, na ce tana wani ƙauye, a cikin murhun lantarki da ke rufe. Ya tambayi a ruwa ake tsomawa ko a mai. Ya tambayi wane ne Sarkin Maƙeran garin. Bai taɓa yi mini maganar gudun da na yi wa maƙera ba, ranar ma bai yi ba, sai dai na ji yana kiran ƙanensa ya zo ya gani.

Na ci jarrabawar gama koyo a farkon 2025, aka ba ni takardar shaidar ƙwarewa, wurin kuma suka riƙe ni. Da na je gida hutu bayan nan, Baba ya ba ni aska guda da ya ƙera da hannunsa, irin ta wanzamai, ya naɗe ta a tsumma ya ce in kai wa maigidana. Na sa ta cikin babbar jaka ina fargabar abin da Maista zai ce, mutumin da ke neman haske tsakanin ƙarfe da ma'auni. Na ba shi lokacin Vesper. Ya ajiye burodinsa, ya goge hannu, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce kusa da kunne, ya aske ɗan gashin bayan hannunsa. Ya tambaye ni da me Baba ke auna zafin wuta. Na ce da launin ƙarfen, idan ya kai wani irin ja sai ya cire. Ya ce kakansa ma haka yake yi, har yakan rufe tagogi don ya ga launin da kyau. Ya naɗe askar cikin tsummanta, ya sa a aljihun rigar aikinsa, ya dubi agogo, ya ce akwai almakashi arba'in da ke jira na kafin azahar.